Kifin da Ilu Ya Aiko

Ya iso ranar Laraba
a ƙasan jakar wani ɗan Garin Malam,
naɗe cikin tsohuwar riga,
fari, shimfiɗaɗɗe, ba kai, ba ido.
Na ƙwanƙwasa shi a bakin turmi,
ya amsa kamar allo.
Inna ta shinshina, ta ce, "Wannan ai ƙirgi ne,
a kai wa dukawa su yi takalmi."

Da dare Ilu ya kira,
muryarsa tana tsinkewa tana ɗinkewa.
"Yaya, kada ki ɗora shi a wuta yau.
Ki jiƙa shi, kwana da wuni.
Ki zubar da ruwan, ki sake sabo,
sau huɗu."

Sau huɗu, Ilu?
A Damagaram?
Shekara shida kacal, har ka manta
famfon unguwarmu tari yake yi, ba ya tofi?
Jarka ɗaya dala arba'in,
shi ma sai mai ga-ruwa ya san fuskarka.

Ban faɗa ba. Na ce to.

Ruwan farko na sirka, na kwaɓa wa tunkiya dusa,
ta lashe kwano har yana ƙara,
ta ɗauka gishirin Bilma ne.
Na biyu ya wanke tukwane.
Na uku na kaɗa miyar kuka da shi,
ranar ko ƙwayar gishiri ban taɓa ba.
Na huɗu kuwa,
na leƙa randa, randa ta leƙo ni.

Amma kifin ya saki jiki.
Ya kumbura, ya yi taushi,
yana rabuwa falle-falle a yatsuna
kamar littafin da ruwa ya taɓa.

Ilu ya ce tsohuwar da ta ba su haya a Sifen
tafarnuwa take fara sawa a man zaitun,
sai albasa, sai tumatir,
dankalin kuma ba ta yanka shi har ƙarshe,
tana sa wuƙa rabi, ta ɓalle sauran,
don romo ya yi kauri.
Abokin aikinsa, ɗan wani tsibiri bayan teku,
ya ce sam, ba haka kakarsa take yi ba:
rogo, ɗanyar ayaba, barkono mai sa hawaye.
Duk Lahadi sai sun yi gardama a kan tukunya ɗaya,
amma suna ɗaya suke kiransa:
bakalawo.

Ni man gyaɗa gare ni.
Tumatirin Mirriya, busasshen tattasai daga Difa,
dankali huɗu, guntun rogo don kada ɗan tsibiri ya ji haushi.
Da ba mai kallo
na jefa ƙwallon daddawa.
A gidanmu ake dafawa.

Ƙamshin ya haura katanga.
Tsahara ta aiko ɗiyarta aron wuta,
alhali ina hango hayaƙin murhunsu.

Inna ta kai loma, ta daɗe tana taunawa.
"Gishiri ya yi yawa," in ji ta,
ta miƙo kwano a ƙara.
Sai ta tambaya ko a tafkin garinsu Ilu ake kama shi.
Na ce a'a, can ma kawo shi ake yi,
daga wani ruwa mai ƙanƙara,
a barbaɗe shi da gishiri don ya jure tafiya.

"Ashe shi ma ɗan ci-rani ne."
Ta zare ƙaya daga baki, ta ajiye a gefen tabarma.
"Shi ya sa suka cire masa kai,
kada ya tuna hanya."

Ba wanda ya yi dariya.
Daren nan mun sha ruwa har randa ta yi kuka.

Rabin da ya rage yana rataye a ƙusa,
bayan ƙofar ɗakinsa.
Ya ce irinsa yana shekara bai lalace ba.
Ya ce shi ma baɗi, in takardu sun fito.
Bara ma haka ya ce.